Wa ke da ikon tare hanya? Tarihi daga iyakar Bagudo

A watan Yulin 2024 Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, ya gabatar da ƙudirin yaƙi da zagon ƙasa. Cikin tanade-tanadensa har da tarar naira miliyan 2 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya kafa shinge a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba. Suka ta yi yawa, ya janye shi ranar 14 ga Agusta. Ƙudirin ya mutu, amma ya taɓo wata tsohuwar rigima da mutanen Bagudo, a iyakar Kebbi da Benin, suka sani tun kaka da kakanni.

A ƙarni na 19 garin Illo, wanda yanzu ke ƙaramar hukumar Bagudo, zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayarin da ya haye Kwara sai ya ratsa ƙasar Borgu, inda kowane sarki ke karɓar kuɗin fito. Madugun da ya biya ya samu rakiya, wanda ya ƙi kuwa ya gamu da 'yan fashi a daji. Tare hanya a lokacin hanyar samun kuɗin sarauta ce, laifi ne kawai idan wanda ba shi da sarauta ya yi.

Turawa sun zo da da'awar buɗe hanyoyin ciniki. Amma yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yunin 1898 ta raba Borgu gida biyu, Illo ta faɗo hannun Ingila, Nikki ta koma na Faransa. Lugard kuma, mai kukan sarakuna sun takura fatake, ya ɗora wa ayari nasa harajin, wanda sai a 1907 aka soke shi.

Bayan 'yanci ma toshewar da ta fi daɗewa gwamnati ce ta yi ta. Janar Buhari ya rufe iyakoki a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Ya maimaita a Agustan 2019, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan 'yancin zirga-zirga, sannan a Nuwamba aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manomin shinkafa a Lolo ko Tsamiya, da ke ban ruwa da injin fetur, shi ya ɗanɗana kuɗarsa, ba babban ɗan sumoga ba.

Ba shakka mai tare titi na iya hana maras lafiya isa asibiti, kuma dokar Penal Code ta Arewa ta daɗe da hukunta toshe hanyar jama'a. Sai dai matasan da suka tare titi na yini guda ake tanadar wa kurkuku. Rufewar 2019 kuwa ta shafe wata 16 kafin a buɗe mashiga huɗu a Disambar 2020, mashigar Kamba mai maƙwabtaka da Bagudo ta jira har Afrilun 2022.