Komawa Asibiti Bayan Yanke Zuwa: Bayani Ga Masu Jinyar Ƙwaƙwalwa Da Shaye-shaye Da Iyalansu

  

Mafi yawan masu jinyar taɓin ƙwaƙwalwa, ko ciwon damuwa mai tsanani, ko shaye-shaye, ba kwantar da su ake yi ba. Suna zaune a gidajensu, ana rubuta musu ranar dawowa a katin asibiti, wanda mu a nan Nijar muke kira karne. Duk sati biyu ko duk wata su je, likita ya duba su, ya sabunta takardar magani, ko a yi musu allura, ko a zauna da su a tattauna. Wannan ita ce jinyar je-ka-ka-dawo. Abin da muke nufi da yanke zuwa shi ne mutum ya bar halartar waɗannan ranaku, ko ya ajiye magani, ba tare da likita ya sallame shi ba. Abu ne mai yawan faruwa ƙwarai, har ma'aikatan asibiti ba sa mamakinsa. Marar lafiya da iyalansa ne kawai suke ɗaukarsa abin kunyar da ba ya gyaruwa.

Me ke sa a yanke?

Na farko, kuma shi ya fi yaudara, samun sauƙi. Mutum ya daina jin muryoyi, barci ya dawo, ya koma kasuwa, sai ya ce ya warke. Alhali maganin ne yake riƙe da cutar, kamar yadda maganin hawan jini yake riƙe jini. Sai kuma wahalar maganin kansa. Irin su haloperidol da chlorpromazine suna iya kawo sanƙarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar miyau, da barci mai nauyi. Saurayin da ake kallo a unguwa yana tafiya a sandare zai gwammace ya jefar da ƙwayar, bai san cewa likita yana iya rage ta ko ya canza ta ba.

Akwai kuɗi da nisa. Sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E, tafiya ce mai tsawo ga mutumin karkara. Wasu daga yankunan kan iyaka kan ƙetara Najeriya, zuwa asibitin Kware kusa da Sakkwato ko na Dawanau a Kano, kuma an ga yadda rufe iyaka daga watan Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya tsinke wa mutane hanya ba da son ransu ba.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, mu malamai. Ana kawo mana marar lafiya, wani cikinmu ya ce aljani ne ko sammu, a ajiye maganin Turawa a riƙe ruƙya kaɗai. Ruƙya da ayoyin Allah gaskiya ce, amma ba mu san wani dalili na shari'a da ya sa ta zama kishiyar magani ba. Wanda ya ce a jefar da ƙwayar da likita ya rubuta, ya yi fatawa a fagen da bai karanta ba, kuma in marar lafiya ya halaka yana da kamasho. Magabatanmu ba su raba su ba: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi guda a kan lafiyar jiki da ta rai, kuma asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali.

Ga mai shaye-shaye kuwa, sau da yawa abin da ke hana shi komawa shi ne ya sake sha. Ya yi wata uku bai taɓa ba, wata rana a fada abokai suka miƙa masa, ya karɓa. Daga nan sai ya ce da wane ido zai kalli likita. Sai kwana ɗaya na sha ya zama shekara.

Abin da ke faruwa a jiki lokacin da aka yanke

Nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya da kyau, domin a nan ake rasa rayuka.

Mai shan tramol ko kodin, jikinsa yana sabawa da ƙwayar a hankali, har ya kai yana shan abin da zai kashe wanda bai saba ba. Idan ya bari na wasu makonni, wannan sabo yana zubewa. Ranar da ya koma, hannunsa zai ɗauki adadin da ya saba, amma jikinsa ya koma na sabon shiga. Abin da a da yake sha ya hau kabu-kabu ya yi aiki, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Shi ya sa hatsarin mutuwa ya fi yawa ga wanda ya fito daga gidan kaso, ko daga wurin gyaran hali, ko wanda ya tuba ya daɗe bai sha ba. Tramol yana da ƙarin sharri: yana jefa mutum cikin farfaɗiya. Iyakar da likitoci suke ba babban mutum ita ce miligiram 400 a yini, a rarrabe, kuma ƙwayar asibiti 50 ce ko 100. Wadda ake sayarwa a ɓoye ana samun mai 200, da 225, da 250 a ƙwaya guda. Biyu kawai sun kai iyaka ko sun wuce.

Mai shan giya kullum, ko diazepam, nasa hatsarin a juye yake: yankewa farat ɗaya ce ke iya kawo masa jijjiga da ruɗewa da gane-gane, har ta kai ga mutuwa. Irin wannan kada iyali su kulle shi a ɗaki su ce ya bari da ƙarfin tsiya. A asibiti ake sauke shi daki-daki.

Ga mai cutar ƙwaƙwalwa, ciwon ba ya dawowa washegari. Yana iya ɗaukar makonni ko watanni, wannan jinkiri ne ke sa iyali su ce ai ga shi ya bar magani lafiya lau. Alamar farko galibi rashin barci ce, sai keɓewa, da zargin mutane, da barin wanka. Kuma maganin da ya rage a gida ba a komawa kansa kai tsaye. Clozapine, idan aka yi fiye da kwana biyu ba a sha ba, dole a sake farawa daga ƙaramin adadi. Carbamazepine da lamotrigine su ma a hankali ake hawa da su. Lithium yana buƙatar gwajin jini. Macen da ta samu ciki a tsakani lallai ta faɗa, domin valproate yana cutar da ɗan tayi. Maganin ciwon damuwa kuwa ba ya nuna aikinsa sai bayan makonni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shi wata 9 zuwa 12 bayan alamomin sun tafi.

Yadda ake komawa

Ba a jiran sai an daina sha kafin a koma, kuma ba a jiran sai ciwo ya yi tsanani. A koma inda aka fara in zai yiwu, domin tarihin marar lafiya yana can. In karne ya ɓata, a tafi da kwalin magani ko tsohuwar takarda. In nisa ne matsala, a fara da asibitin gari ko CSI mafi kusa, a gaya wa majo, a tambayi ko za a iya karɓar maganin a nan bisa rubutun likitan can.

A tafi da mutum ɗaya na gida wanda marar lafiya ya yarda da shi. Abin da likita yake so ya ji kaɗan ne: yaushe aka sha magani na ƙarshe, me ya sa aka bari, me aka sha a tsakani, har da na gargajiya, da yawan ƙwayar da ake sha a yini. Ɓoye adadi saboda kunya cutar kai ne, domin a kan abin da ka faɗa za a auna maka magani. Dalilin yankewa shi ya fi muhimmanci, tun da in ba a gyara shi ba za a sake yankewa. Wanda sanƙarewa ta kora, a canza masa. Wanda kuɗi ya kora, ya ce a rubuta masa mai sauƙin kuɗi. Wanda mantuwa ko gajiya da haɗiyar ƙwaya ta kora, akwai allura mai jimawa a jiki, irin su fluphenazine da haloperidol, da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu. In wani ma'aikaci ya yi faɗa, a daure. Faɗan minti biyar ne. Su ma ma'aikatan muna roƙonsu su tuna cewa wanda ya dawo ya riga ya yi yaƙi da kansa kafin ya iso ƙofarsu.

Amma akwai halin da ba a jiran ranar ganin likita. Wanda yake maganar kashe kansa ko wani, ko ya daina ci da sha, ko yake jijjiga, ko aka kasa tashinsa numfashinsa yana ja a hankali, a kai shi sashen gaggawa nan take. A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa ko rubutu alhali ba ya cikin hayyacinsa, domin huhu zai tafi.

Matsayin wanda ya sake faɗawa

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya suna sake komawa sha, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi. Wannan ba halatta maye ba ne. Haramun ne ranar farko, haramun ne ranar da aka koma. Sai dai zunubi daban, yanke ƙauna daban. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawo shi gaban Annabi (SAW) saboda giya. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga jama'a ba. Uban da ya rantse ba zai sake biya wa ɗansa kuɗin asibiti ba, ya yi kaffarar rantsuwarsa ya kai shi. Limamin da ya ga yaron ya dawo sahu, ya yi masa maraba, kada ya mai da shi misali a huɗuba.

Azumi

Watan Ramadan yana cikin lokutan da ake yawan ajiye magani, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Hanya ita ce a ga likita tun a Sha'aban. Magunguna da yawa ana iya mayar da su lokacin buɗa-baki da sahur. Wasu, kamar lithium, ƙishirwa tana mayar da su guba a jiki, kuma zafin ƙasarmu ba wasa ba ne. Mai cutar da ke sa shi hawa da sauka tsakanin zumuɗi da damuwa, raguwar barci kaɗai tana iya tayar masa da ita, don haka tsayuwar dare ma sai da lissafi. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar, marar lafiya ya sha ya rama in ya samu dama. Rangwamen da aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba marar lafiya bai keɓe ciwon jiki ya bar na ƙwaƙwalwa ba. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, ba a kallafa masa azumi a wannan hali. Maganar ramuwa bayan ya farfaɗo malamai sun yi saɓani, a mazhabar Malikiyya yana ramawa. Ita kuma allurar wata-wata, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa allurar magani wadda ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, saboda haka babu dalilin ɗage ranarta zuwa bayan Sallah. Allah ne mafi sani.