Yadda Ayaba Ta Zama Dukiya, Ta Kuma Zama Fitina

Ayaba ba ta son sanyi, ba ta son fari. Wurin da ta fi so shi ne ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama, ko fadama, ko bakin rafi. Masana sun ce asalinta daga can gabas mai nisa ne, wajen tsibirin Niyu Gini, inda aka fara nomanta tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Daga can ta bi matafiya ta shiga Indiya da Afirka. A shekarar 1516 wani limamin Kirista, Tomas de Berlanga, ya haye teku da ita zuwa Santo Domingo, ta yaɗu a ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka.

Akwai wani hali na ayaba wanda shi ne tushen wannan labari. Wadda ake ci ba ta da ƙwayar da za a shuka. 'Ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa su ake cirewa a dasa. Bayan kamar shekara guda ta yi nono ɗaya tak, a sare ta, 'yar da ke gindinta ta gaje ta. Saboda haka gona mai ayaba dubu, in daga uwa ɗaya aka samo su, jininsu ɗaya ne, cutar da ta iya ɗaya ta iya sauran.

Da fari ayaba abincin gida ce kawai, don ba ta jure tafiya. A 1870 wani mai jirgin ruwa, Lorenzo Baker, ya sayi nonon ayaba 160 a Jamaika, ya kai Amurka kafin su ruɓe, ya ci riba mai yawa. Ba da jimawa ba wani Ba'amurke, Minor Keith, wanda ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Kosta Rika, ya shiga dasa ayaba a gefen hanyar don jirginsa ya sami kayan ɗauka. A 1899 kamfanoninsu suka haɗu suka zama United Fruit. Ana sare ayaba tana ɗanya, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, jiragen ruwa masu ɗakunan sanyi su kwashe. Nan da nan ta zama babban abin da Honduras da Kosta Rika da Panama ke sayarwa waje. Kamfanin ya mallaki gonaki da hanyoyin jirgi da tashoshin ruwa, har maganarsa ta fi ta wasu gwamnatoci ƙarfi. A 1928 ma'aikatan gonakinsa a Kolombiya suka yi yajin aiki, soja suka buɗe musu wuta a garin Siyenaga, mutane da yawa suka mutu.

Iri ɗaya rak aka dasa a gonakin nan duka, ana kiransa Gros Michel, don yana da zaƙi, ɓawonsa kuma yana da kauri. Sai ga wata cuta ta ɓulla, aka sa mata suna cutar Panama. Wata irin funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa, ta toshe hanyar ruwa, ganye ya yi rawaya, ayaba ta bushe a tsaye. Ba ta da magani, kuma takan yi shekaru masu yawa ba ta bar gonar ba. Dabarar kamfanin ita ce in gona ta kamu a bar ta, a sare sabon daji. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya riƙe filaye masu faɗi ba ya noma su, talakawa kuwa ba su da gonar kansu.

A Guwatemala abin ya kai ga rigima. A 1952 shugaban ƙasar, Jacobo Arbenz, ya kafa doka a karɓi filayen da ba a nomawa a raba wa talakawa, a biya masu su gwargwadon kuɗin da suka faɗa wajen biyan haraji. Kamfanin ya kai kuka Amurka. A 1954 aka tumɓuke Arbenz da taimakon 'yan leƙen asirin Amurka, aka mayar wa kamfanin filayensa. Amma wannan bai hana cuta aikinta ba. Kafin 1970 Gros Michel ta ɓace daga manyan kasuwannin duniya, aka maye gurbinta da wani iri mai suna Cavendish, wanda cutar ba ta kama shi.

Yau Indiya ta fi kowace ƙasa noman ayaba, Ekwado kuwa ta fi kowa sayar da ita waje, kuma kusan duk wadda ake ɗauka a jirgi Cavendish ce. Watau an sake dogara ga iri ɗaya. Wani sabon nau'in cutar mai kama Cavendish ya taso daga Asiya, ya isa Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019. Manoman Uganda, waɗanda ayaba ce tuwonsu, sukan haɗa iri daban daban a gona ɗaya. Manomin da zai karɓi dashe daga wata gona kuwa ya fara bincika lafiyarta, don cutar takan bi dashe, ta bi ruwa, har ta bi ƙasar da ke manne a bakin fartanya.