Annales: Mujallar da ta haɗa tarihi da sauran fannonin ilimi a Faransa

A watan Janairun 1929 ne aka buga fitowar farko ta mujallar Annales d'histoire économique et sociale a Faransa. Malamai biyu na Jami'ar Strasbourg, Marc Bloch da Lucien Febvre, su ne suka kafa ta, kamfanin Armand Colin na birnin Paris kuma ya ɗauki nauyin buga ta. Bloch masani ne kan tarihin Turai na tsakiyar zamani, Febvre kuwa ya ƙware a ƙarni na 16. Ƙorafinsu ɗaya ne: masana tarihi na wancan lokacin sun taƙaita ga labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi, kowa ya killace kansa cikin zamanin da ya ƙware, bai san abin da maƙwabcinsa ke ciki ba.

Tun daga kwamitin editoci aka ga bambanci. Akwai Maurice Halbwachs masanin zamantakewa, da Albert Demangeon masanin labarin ƙasa, da Charles Rist masanin tattalin arziki. Saboda haka mai karatu kan tarar da nazari kan noman ƙauyukan Turai na dā, a gefensa kuma wani kan tattalin arzikin Tarayyar Sobiyet ta zamaninsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940. Bloch Bayahude ne, dokokin mamaya kuma sun hana Yahudawa mallakar irin wannan mujalla. A 1941 Febvre ya dage kan a ci gaba da bugawa ko da za a cire sunan abokinsa, Bloch kuwa yana ganin yin hakan miƙa wuya ne ga azzalumai. Daga baya ya amince ba da son ransa ba, ya ci gaba da aiko da rubutu da sunan aro, Fougères. Ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmayar ƙwato ƙasa, aka kama shi, Jamusawa suka harbe shi kusa da birnin Lyon ranar 16 ga Yunin 1944. Har yau masana na saɓani kan matakin Febvre, domin ya ceci mujallar, amma da farashi mai nauyi.

Bayan yaƙi, a 1946, aka sauya mata suna zuwa Annales. Économies, Sociétés, Civilisations. Da Febvre ya rasu a 1956, Fernand Braudel ya gaje shi, mutumin da littafinsa na 1949 kan Tekun Bahar Rum ya nuna cewa tsaunuka da teku da hanyoyin fatauci na sauyawa a hankali fiye da gwamnatoci, kuma sun fi su tasiri a rayuwar talakawa. A 1969 ragamar ta koma hannun Jacques Le Goff da Emmanuel Le Roy Ladurie da Marc Ferro, wato masanin tsakiyar zamani, da na farkon zamanin yau, da na ƙarni na 20.

Tun 1994 ake kiranta Annales. Histoire, Sciences Sociales. Makarantar nazarin zamantakewa ta EHESS da ke Paris ce ke wallafa ta, tare da haɗin gwiwar maɗaba'ar Jami'ar Cambridge, akwai kuma bugun Turanci. A watan Nuwamban 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar a Strasbourg cewa za a karrama Bloch a Panthéon, makwancin gwarazan Faransa.