WUNI ƊAYA NA UWARGIDA: TARIHIN YAWON MOTAR SAFA A INGILA

 Yau hirar tamu za ta tsallaka teku ne zuwa ƙasar Ingila, in ba ku tarihin wata al'ada tasu, wato mutanen unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki shatar motar safa, su fita da sassafe su zaga karkara da ƙananan garuruwan kasuwa, kafin dare ya yi nisa kowa ya koma gidansa. Na san wata za ta ce to mu ina ruwanmu da yawon Turawa? Ki dai biyo ni a sannu 'yar uwa, don a cikin motar nan akwai labarin yadda matar talaka ta samu wuni guda nata na kanta.

Abin ma ba da mota ya fara ba. A shekarar 1841 akwai wani kafinta mai suna Thomas Cook a garin Market Harborough, mutum ne mai yaƙi da shan giya don ya ga yadda take cinye albashin magidanta, iyali su kwana da yunwa. Wata rana yana tafe a ƙafa zuwa birnin Leicester sai dabara ta faɗo masa. Ya je ya shirya da masu jirgin ƙasa, ranar 5 ga Yuli ya kwashi mutum wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, tafiyar mil 11, don halartar taron masu ƙin giya. Kowa sule ɗaya ya biya, zuwa da dawowa, a taragon da ko rufi babu. Daga ranar aka gane cewa abin da talaka ɗaya ba zai iya ba, in an yi taron dangi sai ya zo da sauƙi.

To amma ko akwai kuɗin, ina lokacin? A zamanin nan ma'aikaci kwana shida yake yi yana aiki. A yankin Lancashire mata ne suka fi yawa a ɗakunan saƙa na masaƙu, su shiga tun duku-duku su fito da almuru, sannan su ɗora tukunya. Mu ma muna da hannu a ciki, domin bayan an kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, audugar ƙasar Zazzau da Katsina tana cikin wadda ake lodawa zuwa can. A 1871 majalisarsu ta yi dokar da ta ware ranakun hutu huɗu a shekara. Garuruwan masaƙa kuma suna da mako guda da ake rufe injina, amma fa ba biya. Don haka sai su yi ta zubi duk mako tun farkon shekara, irin adashin nan namu, in lokaci ya yi a fasa a raba. Kin ji inda kuɗin yawo yake fitowa, kwabo-kwabo ne daga bakin cefane.

Motar kanta sai bayan yaƙin duniya na farko ta yawaita, wanda ya ƙare a 1918. Sojoji suka dawo gida sun iya tuƙi, ga manyan motocin yaƙi gwamnati tana sayarwa da araha, sai a saya a jera bencina a baya. Sunanta sharaban, kalmar Faransanci ce mai nufin amalanke mai bencina. Kowane layi da ƙofarsa, ba rufi sai tamfol da ake ja in ruwa ya sauko, tayar kuwa roba ce daskararriya ba iska, ga doka ta ce kada a wuce gudun mil 12 a awa. Jijjiga da ƙura ba a magana, duk da haka mata sukan ci ado da manyan huluna, a tsaya a ɗauki hoto kafin a tashi, a yi ta waƙa har a isa. A 1930 aka yi dokar hanya wadda ta sa dole direba da mota su sami lasin, motoci masu rufi da kujerun katifa suka maye gurbinta, a 1932 kuma aka buɗe babbar tashar Victoria a Landan.

Ina ake zuwa? Wasu bakin teku, irin su Blackpool, wasu kuwa garuruwan kasuwa. Su waɗannan garuruwa tun zamanin da sarki ne yake ba su takardar izinin cin kasuwa mako-mako, kuma akan bar tazarar kusan mil bakwai tsakanin kasuwa da kasuwa, yadda manomi zai je a ƙafa ya yi ciniki ya dawo kafin duhu. Garin Stow-on-the-Wold a yankin Cotswolds ya samu nasa izinin a 1107, har an ruwaito an taɓa sayar da tumaki 20,000 a cin kasuwa ɗaya. Da gashin tumaki suka yi arziki suka gina gidajen dutse. Da sana'ar saƙa ta koma manyan masaƙun arewa sai garuruwan suka tsaya cak, ba kuɗin rushewa a sake gini. Abin mamaki, talaucin nan ne ya adana musu kyansu, har 'yan birni suka dawo suna biyan kuɗi don su gani.

A 1938 aka yi dokar ba wasu ma'aikata hutun mako guda da albashi. Maigida ya samu, to uwargida fa? Wanki da girki da reno ba su san doka ba. Wannan ya sa ƙungiyoyin mata na unguwanni da na majami'u da na karkara suka riƙe yawon wuni ɗaya da hannu biyu. A bar yara wajen kaka ko maƙwabciya, a shiga mota mata zalla, a sauka a kasuwa a taya kaya, a zauna a shagon shayi wata ce za ta dafa ta kawo miki ta kuma wanke kofin. Akwai ma yawon da ba a gaya wa fasinja inda za a, direba kaɗai ya sani.

Zamani riga. Daga shekarun 1960 ƙananan motoci suka yawaita, jirgin sama zuwa Sifen ya yi araha, matasa suka guje wa safa. Kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a 2019, na Shearings mai manyan motocin yawo ya bi shi a 2020 lokacin annobar korona, sai dai wasu sun sayi sunayen sun ci gaba da amfani da su. Masu gari ma sun soma kuka, don a 2025 an taƙaita tsayuwar manyan motoci a ƙauyen Bibury, wanda mutanensa ba su kai dubu ba amma baƙi suke cika shi maƙil. Duk da haka yawon bai mutu ba. Yawancin masu cika kujerun yanzu dattijai ne, da yawansu mazansu sun rasu, 'ya'ya sun watse, ranar ce suke samun wanda za su yi hira da shi tun safe har yamma.

Saboda haka 'yar uwa, abin lura a nan shi ne ba wanda ya kawo wa matan nan hutu har ɗaki. Su suka haɗa kai, suka yi zubi, suka sa rana, suka nemi mai riƙe musu yara. Jikin mace ba ƙarfe ba ne, kuma wadda ta huta wuni ɗaya ta fi dawowa gida da fara'a da haƙurin zama. In adashi yana sayen kwanuka da atamfa, ai kuwa zai iya sayen wuni guda na sararawa tare da 'yan uwa, da sanin maigida da yardarsa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ku huta lafiya.