Majigi da Tafinta: Yadda Finafinan Baƙin Harsuna Suka Isa Ƙasar Karaye da Rogo

Duk wanda ya ke so ya san tarihin kallon fim a ƙasar Hausa, wajibi ne ya fara bambanta silima da majigi, domin ba hanya ɗaya suka biyo ba. Silima abar birni ce, ta 'yan kasuwa. A cikin shekara ta 1937 aka buɗe Rex a Sabon Garin Kano, Kwarori kuwa su ne suka riƙe wannan sana'a. Malamai da dattawa ba su yi na'am da ita ba, balle da gobara ta tashi a gidan El Duniya a 1951, ta halaka mutum 331. Mutane da yawa suka ɗauki abin a kan ishara ce. Ko da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952, ba a daina ganin silima wurin 'yan iska ba.

Mutumin Rogo Sabon Gari, can yammacin Kano wajen iyakar Katsina da Zazzau, ba ruwansa da wannan gardama, gama ba shi ya je wa fim ba, fim ne ya zo masa. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar yi wa ƙasashen da ta ke mulka finafinai, ta ɗora William Sellers a kanta, wanda dā ma'aikacin tsabta ne a Ikko. Motocin majigi suka riƙa zaga gundumomi. Ka'idarsu ita ce a sauka a ƙofar hakimi ko dagaci, a kafa farin ƙyalle, in an yi sallar lisha a tā da inji. Ba a biyan ko anini. Tun da da izinin sarauta aka zo, har mata da yara su kan fito, abin da silima ba ta samu ba.

Amma fa ƙashin bayan majigi shi ne tafinta. Sellers ya fi son hoto mai tafiya sannu a hankali, a bar bayani ga mutumin da ke riƙe da lasifika. Saboda haka abin da talakawa suka tafi gida da shi, maganar tafinta ce. Shi ke faɗin wanda ya yi wauta da wanda ya yi dabara, shi ke sa karin magana inda Bature bai sa ba. Har fim ɗin Baban Larai, wanda aka yi da Hausa a shekarun 1950 don kyautata noma, cikin wannan makaranta ya fito.

Finafinan Indiya, irin su Mother India na 1957, sun shiga ba tare da tafinta ba, masu kallo suka yi wa kansu fassara daga abin da suka sani na auren dole da zaman kishi. Na masu harshen Sifaniyanci kuwa sai da talabijin ta yaɗu suka iso, kuma ta bakin wani harshe. Wasan Meziko na 1979 wanda Verónica Castro ta fito a ciki, mai suna da ma'anar attajirai ma suna kuka, da Ingilishi aka nuna shi a Nijeriya. A Nijar kuwa da Faransanci aka ji Rubí, wasan Meziko na 2004. Adeline Masquelier ta rubuta a 2009 yadda matasan Dogondutsi suka ɗauke shi tamkar darasi a kan soyayya da talauci. Watau labari ya ratsa harshe biyu kafin ya shiga kunnen Bahaushe, kowane mashigi kuwa da abin da ya ke ragewa, da abin da ya ke ƙarawa.

Da masu sana'ar fassara a Kano, irin su Algaita, suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya a shekarun 2010, sai aikin tafintan majigi ya dawo da sabuwar riga. Bambancin kawai, muryar ta koma cikin waya, tana isa ƙauye ba mota, ba hakimi.

Abin lura ga masu nazari shi ne wannan. Finafinan majigi da dama suna nan a ajiye a Ingila, amma maganar tafinta ba a naɗe ta a jikinsu ba, iska ta tafi da ita. Ma'ajinta kaɗai shi ne zukatan tsofaffin da suka zauna a ƙofar fada suna yara. Malaman makarantun horon malamai, waɗanda ɗalibansu ke fitowa daga irin su Karaye da Rogo, su suka fi kowa damar tattara wannan labari tun masu shi suna da rai.