Yadda Aka Buɗe Hanyar Magangarar Ruwan Iguwazu

Wanda ya je Iguwazu a yau, can kan iyakar Ajantina da Brazil, ba ya shan wata wahala. Zai yanki tikiti a ƙofar gandun daji, ya hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, ya sauka ya bi gadar ƙarfe mai tsawon mita 1,100 a kan kogi, sai ga shi tsaye a bakin Maƙogwaron Shaiɗan, inda ruwa ke rikitowa daga tsayin kimanin mita 80. Magangaru kusan 275 ne jere a faɗin kilomita 2.7, kurmi ya kewaye su. Amma wannan sauƙin na baya-bayan nan ne. Da can isa wurin sai mai taurin rai.

Mutanen Guwarani su ne masu ƙasar tun kafin zuwan Turawa, su suka raɗa wa kogin suna. Bature na farko da ya rubuta labarin wurin shi ne Álvar Núñez Cabeza de Vaca, ɗan Sifen, a tafiyarsa ta 1541 zuwa 1542 daga gaɓar teku zuwa Asunción. Shi ba kallo ya kai shi ba, cikas ma ruwan ya zame masa, domin sai da mutanensa suka fid da kwalekwale daga kogi suka ɗauka a kafaɗa suka zagaye dutsen. Ya sa wa wurin sunan Santa María, sunan bai bi shi ba. Daga baya limaman Kirista 'yan Jesuit suka kafa garuruwa a yankin, Sarkin Sifen ya ba da umarnin korarsu a 1767, duniyar waje ta manta da wurin sama da shekara ɗari.

Yaƙi ne ya tuna da shi. Bayan gumurzun da Brazil da Ajantina da Uruguwai suka yi da Faraguwai daga 1864 zuwa 1870, kowace ƙasa ta fara sa ido kan iyakarta. Brazil ta kafa sansanin soja a Foz do Iguaçu a 1889. Masu saran katako da masu tsinkar ganyen shayin yerba mate suka biyo baya.

A 1901 ayarin farko na 'yan yawon buɗe ido ya hau kogin Paraná a jirgin ruwa mai tururi, amma da suka sauka sai kurmi ya tare su, babu hanya, suka juya ba su ga abin da suka zo gani ba. Cikinsu akwai wata attajira daga Buenos Aires, Victoria Aguirre. Abin ya tsaya mata a rai, ta ba da kuɗi aka sare hanya daga tashar jirgin zuwa magangarar. Ƙauyen da ya tashi a nan an daɗe ana ce masa Puerto Aguirre kafin ya koma Puerto Iguazú, kuma har yau babban titinsa sunanta yake ɗauke da shi. Shekara guda bayan haka gwamnatin Ajantina ta tura Carlos Thays, Bafaranshen da ya tsara lambunan Buenos Aires, ya auna wurin ya zana yadda gandu zai kasance. Takardarsa ta sha ƙura. Sai a 1934 doka ta kafa gandun, mai faɗin kimanin hekta 67,000.

Labarin ɓangaren Brazil ya fi daɗin ji. A 1916 Alberto Santos-Dumont, gwarzonsu na ƙera jirgin sama, ya ziyarci wurin, aka gaya masa filin da yake tsaye a kai mallakar mutum ɗaya ne. Ya ce ba ta saɓuwa. Ya yi kwanaki a kan doki yana keta daji, ya isa Curitiba ya gana da shugaban jihar Paraná, Affonso Camargo. Cikin watanni kaɗan jihar ta karɓe hekta 1,008 ta mai da su na jama'a. Ranar 10 ga Janairu, 1939, Shugaba Getúlio Vargas ya sa hannu kan dokar gandun, wanda yau ya kai kimanin hekta 185,000. UNESCO ta sanya ɓangaren Ajantina cikin kayan gadon duniya a 1984, na Brazil a 1986.

Tun daga nan kowace ƙasa ta kama salonta. Mafi yawan magangarun suna ƙasar Ajantina, don haka ita take kai mutum kansu da ƙarƙashinsu ta hanyar sama da hanyar ƙasa, kuma tun 2001 jirgin ƙasa mai aiki da gas ya maye gurbin motoci a cikin kurmin. Brazil kuwa tana tsallake, daga can ake hango su baki ɗaya. A duka ɓangarorin akwai jiragen roba masu inji da ke kutsawa da mutane cikin feshin ruwan, a fito sharkaf ana ihu. Brazil ta yarda helikwafta ya riƙa shawagi, Ajantina ta hana saboda namun daji, kuma a ganina ita ce ta yi daidai.

Gandun bai zo a kyauta ba. A shekarun 1970 an tashi manoman da ke zaune cikin ɓangaren Brazil. Wata hanyar ƙasa mai kimanin kilomita 18 da ta ratsa kurmin, Estrada do Colono, an rufe ta a 1986, mazauna yankin suka buɗe ta da ƙarfi a 1997, UNESCO ta sa gandun cikin jerin masu fuskantar haɗari a 1999, sai da jami'an tsaro suka sake rufe ta a 2001. Su kuwa Guwarani, jikokinsu ne ke sayar wa baƙi sassaƙa a gefen hanya.

Kogin ma yakan tuna wa mutane cewa gadojin nan aro ne. A Yunin 2014 ruwan ya haura kubik mita 46,000 a daƙiƙa, ninki wajen talatin na yadda ya saba, ya tafi da gadar Maƙogwaron Shaiɗan. A Oktoban 2023 ya sake tafiya da ita.

Kada kuma a ɗauka takardar gandu ta isa kariya. Arewa da nan, a kan kogin Paraná, an yi magangarar Guaíra, wadda ta fi Iguwazu yawan ruwa nesa ba kusa ba. Ita ma gandun ƙasa ce tun 1961. Gwamnatin soja ta Brazil ta soke gandun a 1981, kuma a Oktoban 1982 tafkin madatsar Itaipu ya haɗiye ta cikin mako biyu. Yanzu manyan madatsun lantarki shida ne a kan kogin Iguwazu kafin ruwa ya iso magangarar. Ta baya-bayan nan, Baixo Iguaçu, ta fara aiki a 2019, dab da iyakar gandun.