Yadda Kwamfuta Ke Gane Filasha Da Memori, Da Yadda Take Raɗa Musu Suna

A garin Gombe, daga Babbar Kasuwa zuwa Jekadafari da Pantami, shagunan tura waƙa da fim da wuraren buga takardu duk aikinsu ya ta'allaƙa ne a kan abu guda: a soka na'ura a jikin kwamfuta ta gane ta. Haka abin yake a Sabon Ibadan da Agege da kasuwar shanu ta Lokpanta. Tun daga Disambar 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ce a haɗa layin waya da lambar NIN, mutane da yawa sun san zafin a wuni a layi, sai a ce "na'urar yatsa ta ƙi hawa". To me ke faruwa a ciki?

Wa ke karɓar baƙi

Babbar manhaja ita ce mai gidan kwamfuta. Windows ce a yawancin shagunanmu, a waya kuma Android, wadda aka gina a kan Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991. Idan an kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ke cikin allonta, BIOS ko UEFI, ita ke fara duba kayan gida: faifan ajiya, kibod, allon kallo. Daga nan sai ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Kayan da ake sokawa daga baya, su ne baƙi.

Da can sai mutum ya saita kowace na'ura da hannunsa. Windows 95 ce ta yaɗa tsarin soka-ka-yi-aiki, sannan a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, aka fito da USB na farko.

Matakan ganewa

Na farko, jin shigowa. Kebul ɗin USB na yau da kullum yana da zare huɗu a ciki: biyu na wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu na bayanai. Da an soka na'ura, wutar da ke kan zaren bayanai sai ta canza, nan take kwamfuta ta san an yi sallama. Shi ya sa kebul mai arha wanda zare biyu kawai gare shi zai yi caji lafiya lau, amma kwamfuta ba za ta taɓa ganin wayar ba.

Na biyu, ba da masauki. Kowace baƙuwar na'ura tana shigowa da lamba 0, sai kwamfuta ta ba ta tata lambar tsakanin 1 da 127, don kada saƙon wata ya tafi wurin wata.

Na uku, tambayar asali. Kamar yadda baƙo a zango zai faɗi garinsu da gidan da ya fito, na'ura tana faɗin lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Ƙungiyar USB-IF ce ke raba lambobin kamfanoni. SanDisk 0781 ce, Samsung 04E8, HP 03F0, MediaTek kuma 0E8D. Masu gyaran waya sun san wannan ta ƙarshe, domin da yawan wayoyin Tecno da Infinix da ƙwaƙwalwar MediaTek suke aiki.

Na huɗu, tambayar sana'a. Na'ura tana faɗin ajinta: 08 na ma'ajiya irin filasha, 03 na kibod da maus, 07 na firinta.

Na biyar, neman tafinta. Wannan tafinta shi ake kira direba, wato ƙaramar manhaja da ke fassara tsakanin na'ura da babbar manhaja. Filasha da maus da kibod tafintansu yana nan a gida, shi ya sa suke hawa nan da nan. Na'urar ɗaukar yatsa da wasu firintoci kuwa sai an sa musu nasu. Idan babu, za ka ga alamar ruwan ɗorawa a gefen sunanta cikin Device Manager. Lambar kuskure 28 tana nufin ba a sa direba ba, 43 kuma tana nufin Windows ta dakatar da na'urar saboda ta nuna matsala.

Raɗin suna

A Windows, ma'ajiya tana samun harafi. A da B na tsofaffin faya-fayen fulofi ne tun zamanin MS-DOS na 1981, shi ya sa faifan kwamfuta ya zama C. Abin da ya biyo baya sai ya ɗauki harafin da ba kowa a kai: D, E, F.

A Linux sunan farko sda ne, na biyu sdb, kuma sdb1 na nufin yanki na farko a faifai na biyu. Katin memori da ke cikin ramin na'ura yakan fito da suna irin mmcblk0. A Android kuwa memorinka yana samun suna mai haruffa da lambobi takwas da layi a tsakiya, wanda aka ɗauko daga lambar da aka buga masa ranar da aka yi masa fomat.

Wayar Android da aka haɗa da kwamfuta ba ta samun harafi. Tana amfani da wata hanya mai suna MTP, kuma sai ka buɗe makullinta ka zaɓi tura fayil, in ba haka ba caji kawai za ta sha.

Inda asara take

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: harafi ba sunan yanka ba ne, lambar layi ce. Filashar da ta zama E da safe tana iya zama G da yamma, ya danganta da abin da aka riga ta sokawa. Kamar shanu ne a tike. Wurin da aka ɗaure sa yau ba shi ne shaidarsa ba, shaidar tana jikinsa.

Yaron shago da ya soka memori uku a lokaci guda, ya danna fomat a kan harafin da ba shi ba, ya goge komai. Kuma memorin ɗan kasuwa ba waƙa kaɗai ke ciki ba. Akwai hoton rasit, hoton dabbobin da aka loda a tirela, saƙon murya na wanda ya ci bashi. Wanda ya aiko kaya daga Gombe zuwa Legas ya san darajar waɗannan.

Abu na biyu, kwamfuta tana yarda da abin da na'ura ta faɗa mata. Filashar jabu tana iya cewa girmanta giga 64 alhali 8 ne. Za ka ga sunayen fayil sun shiga, ranar buɗewa ka tarar babu komai. A 2014 wasu masu bincike daga Jamus, ciki har da Karsten Nohl, sun nuna cewa filasha tana iya cewa ita kibod ce, ta riƙa buga umarni da kanta. Don haka filashar tsintuwa ba abin sokawa ba ce a kwamfutar aiki.

Abin yi idan na'ura ta ƙi hawa

Canza kebul tukuna, sannan ka canza rami. Gwada ta a wata kwamfutar, nan za ka san ko laifin na'urar ne. Idan Device Manager ya nuna alamar ruwan ɗorawa, ka duba lambar kamfani da ta samfuri, ka nemo direba daga shafin kamfanin da kansa.

Idan kwamfuta ta ce sai an yi wa memori fomat kafin ya buɗe, kada ka yarda matuƙar akwai abin da kake so a ciki. Ka kai wa mai iya ceto bayanai.

Kafin a yi wa kowace ma'ajiya fomat, a cire sauran duka, a duba girmanta da sunanta. Ka raɗa wa filasharka suna da kanka, misali sunan rumfarku, domin wannan sunan yana binta duk kwamfutar da ta je, ko da harafin ya canza. Muhimman hotuna da saƙonnin bashi kuma ka ajiye su wuri biyu.